Zare, Filasta da Gam: Waiwaye Kan Riƙe Kateta a Jikin Mara Lafiya

Duk wanda ya taɓa kwana asibiti yana jinyar wani ya san waɗannan kalamai: "ruwan ya tsaya," "hannun ya kumbura," "sai an nemi wata jijiya." Galibi cikin dare ake jin su. Yaro ya juya cikin barci, ko tsohuwa ta dafa gado za ta tashi, sai kanular da aka sha wahala kafin a saka da rana ta goce daga jijiya. Daga nan allurar ƙarfe biyun dare ta koma ta asuba, a tashi mai jinya ya je sayo sabuwar kanula, a sake huda mutumin da tun farko da ƙyar aka ga jijiyarsa. Mutane kan ɗora laifin a kan nas, ko a kan mara lafiyan da ya kasa kwanciya wuri ɗaya. Ba kasafai ake waiwayar 'yar filastar da aka ɗora wa nauyin riƙe bututun ba.

Kateta ita ce duk wani siririn bututu da ake zurawa cikin jiki don shigar da ruwa ko fitar da shi: robar fitsari, kanular ƙarin ruwa, da doguwar nan da ake sakawa ta wuya ko ta damtse har ta kai bakin zuciya. Littattafan tarihin likitanci cike suke da sunayen waɗanda suka gano yadda za a shigar da su. Yadda za a hana su fita kuwa an daɗe ana ɗaukarsa ƙaramin aiki, wanda ake bar wa ma'aikatan jinya bayan likita ya wanke hannu ya wuce. A ganina rabin aikin a nan yake, kuma shi ne rabin da ya fi wuya. Bututu so yake ya zauna cik. Fata kuwa tana da rai: tana gumi, tana maiƙo, tana saɓa, tana miƙewa da tattarewa duk lokacin da mai ita ya motsa. Kusan shekara 160 ke nan ana neman daidaita waɗannan biyun, kuma kowace dabara da aka fito da ita ta magance wani abu, ta zo da nata lahanin.

Mutanen dā ba su da wannan damuwa, domin ba sa barin kateta a jiki. A kufan birnin Pompeii na Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono katetar tagulla cikin kayan aikin wani likita. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya siffanta katetar azurfa siririya mai santsi a littafinsa At-Tasrif. A 1752 Benjamin Franklin ya sa an ƙera wa ɗan'uwansa John wata ta azurfa mai lanƙwasuwa saboda tsakuwar mafitsara da ta dame shi. Duk waɗannan shiga-da-fita ne: a zura, fitsari ya zuba, a zare.

A ƙarni na 19 ne matsalar ta fito fili. Bayan Charles Goodyear ya samu haƙƙin ƙirƙira a 1844 kan dabarar dafa danƙo da farar wuta don ya daina narkewa da zafi, likitan tiyata na Faransa Auguste Nélaton ya fito da katetar jar roba mai laushi a shekarun 1860. Laushinta ya sa ana iya barin ta a jiki kwanaki, kuma laushin nan ne ke sa ta sulɓe. Sai likitoci suka riƙa ɗaure ta da zare suna manne shi da filasta a jikin mazakuta, wani lokaci ma su ɗinke ta a naman al'aura, ga namiji ko mace. Ba sai an bayyana wa kowa irin azabar da ke cikin haka ba, musamman a wurin da ba ya rabuwa da danshi.

Wannan ya sa hankali ya koma ga riƙe ta daga ciki. A shekarun 1890 wasu likitocin Faransa biyu, Malecot da de Pezzer, suka fito da katetoci masu kai na musamman, ta farko mai fikafikai, ta biyu mai kai mai faɗi. Ana miƙe kan da sandar ƙarfe lokacin shigarwa, idan an zare sandar sai ya buɗe cikin mafitsara ya tokare. Amma wanda sunansa ya zauna shi ne Frederic Foley, likitan mafitsara a birnin St. Paul na jihar Minnesota a Amurka. A 1929 ya tsara kateta mai ɗan balan-balan a kai don danne wurin da ke zubar jini bayan tiyatar furostet, gaɓar nan da kumburinta ke toshe wa dattawa fitsari. Daga baya ya ga cewa balan-balan ɗin zai iya zama mariƙi, ya nuna sabuwar katetar a taron likitocin mafitsara na Amurka a 1935. Haƙƙin ƙirƙirar bai zama nasa ba. Wani Paul Raiche na kamfanin roba na Davol ya riga shi samu a 1936, kuma shari'ar da ta biyo baya ba ta ƙare da nasarar Foley ba. Duk da haka, har gobe sunansa ake kiran robar fitsari da shi a asibitocin duniya.

Ɗan balan-balan ɗin, wanda a manya akan cika shi da mililita 10 na tsaftataccen ruwa, ya raba mutane da ɗinki, amma ya sa wasu suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Abin da yake yi shi ne hana robar fita, ba hana a ja ta ba. Jakar fitsari mai cin lita 2 idan ta cika nauyinta ya kai kilo 2, kuma idan ba a kafe robar a cinya ba, duk wannan nauyi a wuyan mafitsara da hanyar fitsari yake sauka. Mara lafiyan da ya rikice da zazzaɓi ko tsufa yana iya fizge ta da balan-balan ɗin a cike, ya yage hanyar fitsarinsa, jini ya ɓalle, bayan watanni kuma wurin ya warke a tsuke. Ga mazan da suka daɗe da roba, jan da take yi kullum yana iya tsaga bakin mazakuta a hankali. Shi ya sa tun jagorar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 1981, da wadda ta sabunta a 2009, aka rubuta ƙarara cewa a kafe robar bayan an saka ta, don kada ta riƙa motsi ko jan hanyar fitsari. Daga nan aka samu maɗaurin cinya mai talewa, sannan manne na musamman mai ɗan maƙali da ke juyawa tare da ƙafa.

Mu a ƙasar Hausa muna da dalili na musamman na girmama wannan 'yar roba. Dokta Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana yi wa masu yoyon fitsari aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina da kuma Kano, ya nuna cewa idan aka saka wa mace robar fitsari da wuri bayan doguwar naƙuda, aka bar ta makonni tana zuba ba tsayawa, ƙaramar ɓula tana iya rufewa da kanta. A rahotonsa na 2004 kan mata 1,716, kusan 15 cikin 100 sun warke da roba kaɗai, ba a kai ga wuƙa ba. Bayan tiyata ma robar ce ke hana mafitsara cika ta ɓalle ɗinkin, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ta kwana 7 zuwa 10 bayan gyaran ɓula mai sauƙi. A irin wannan hali, robar da ta lanƙwashe ƙarƙashin cinya ko ta fizge cikin dare tana iya rushe aikin da yarinya ta yi shekaru tana jira. Filastar da ke cinyarta ɓangare ce ta maganinta.

Labarin jijiya ya bi wata hanya dabam, domin jijiya ba ta da ɗakin da za a hura balan-balan. A 1832, lokacin da kwalara ke kashe mutane a Birtaniya, Thomas Latta na garin Leith a Sikotland ya ɗura wa masu amai da gudawa ruwan gishiri ta jijiya, ya ga waɗanda suka kusa tafiya suna farfaɗowa. Amma sama da shekara 100 bayan haka, da allurar ƙarfe ake ƙarin ruwa. Ƙarfe mai tsini a cikin jijiya ba ya yafe motsi, ko kaɗan aka lanƙwasa hannu sai ya huda ya fita. Don haka mutum ake ɗaurewa: a shimfiɗa hannunsa a kan katako, a naɗe da bandeji, ya kwana a haka. Idan jijiya ta ƙi samuwa sai a tsaga fata, a zaƙulo ta, a zura bututu a ɗaure su tare da zare.

A 1950 David Massa, likita mai ba da maganin barcin tiyata a asibitin Mayo da ke Rochester, ya sanya siririn bututun roba a kan allura, ta yadda bayan an huda sai a zare ƙarfen a bar robar. Kamfanin B. Braun na Jamus ya fito da tasa, Braunüle, a 1962. Wannan ita ce kakar kanular da muke saye a kemis yau. Hannu ya samu 'yanci, amma nauyin riƙo gaba ɗaya ya koma kan filasta.

Ita filasta ta girmi kanula nesa ba kusa ba. Horace Day da William Shecut sun samu haƙƙin ƙirƙirar filasta mai danƙon roba a Amurka tun 1845. Paul Beiersdorf, mai haɗa magunguna a Hamburg, ya samu nasa a 1882, kuma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya fito da Leukoplast a 1901, inda aka haɗa danƙon da sinadarin zink don rage ƙaiƙayi da ƙunar fata. Farar filastar da muka sani a asibitocinmu jikanyar wannan ce. A wajejen 1960 kamfanin 3M ya kawo Micropore, filastar takarda mai barin fata ta sha iska. Ba ɗaya daga cikinsu da aka ƙera don riƙe kanula. Ma'aikatan jinya ne suka ƙirƙiro dabarar da kansu: a yanko siririn ƙyalle na filasta, a zura shi ƙarƙashin gindin kanula danƙon na kallon sama, a giciye shi a kai, a bi da wasu a kwance. Kowane asibiti da salonsa, kowace nas da hannunta. Akwai waɗanda idan suka manna kanula sai ta yi kwanakinta cif, kuma wannan gwaninta ce da ba a taɓa ba ta darajar da ta cancanta ba.

Sai dai filasta tana da aibi biyu manya. Na farko, ba tsaftatacciya ba ce. Naɗi ɗaya yana yawo daga gado zuwa gado, a aljihu, a kan tire, a rataye jikin na'urar sauraron ƙirji, a yanka a liƙa a ƙarfen gado kafin a ɗora a bakin rauni. A 1999 Redelmeier da Livesley suka tattara naɗin filasta a wani asibitin birnin Toronto na Kanada, suka tarar kashi 74 cikin 100 na ɗauke da ƙwayoyin cuta. Abin da ya fi amfani a binciken shi ne, da suka yar da zagayen farko na waje suka gwada na ciki, adadin ya faɗo zuwa kashi 5. Na biyu, filasta tana sakewa da gumi ba tare da ta ɓalle ba, sai kanula ta riƙa 'yar shiga da fita a ramin da ta huda, motsin da ido ba ya gani. Kamar turken da akuya ke fizga ne: bai tumɓuke ba, amma raminsa kullum ƙara faɗi yake. Wannan motsi yana goge bangon jijiya har ta kumbura ta yi ja, yana kuma tura ƙwayoyin cutar da ke kan fata zuwa cikin jini. Gane wannan shi ne babban abin da ya sauya tunanin masana. Kafin nan ana ɗauka cewa muddin bututu bai fita ba, riƙo ya yi kyau.

Ledar manne shara-shara ta zo da wani ci gaba. Kamfanin Smith & Nephew na Ingila ya fito da OpSite a shekarun 1970, 3M kuma ya biyo da Tegaderm a 1982. Tana zuwa a tsaftace cikin takardarta, tana barin tururin gumi ya fita, tana hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga, kuma, abin da ya fi komai, nas tana iya ganin bakin hudar ba tare da ta ɗaye komai ba. Amma murfi ce, ba mariƙi ba. Idan igiyar ƙarin ruwa ta maƙale a ƙarfen gado, ledar tashi take yi.

A daidai wannan zamani, manyan katetocin da ke kaiwa bakin zuciya suna ta yaɗuwa. Robert Aubaniac, likita Bafaranshe, ya bayyana hanyar shiga babbar jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya a 1952. Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya kawo dabarar bi ta kan siririyar waya a 1953. A 1968 Stanley Dudrick ya nuna cewa ana iya ciyar da mutum gaba ɗaya ta jijiya. Irin wannan kateta fitarta ba wasa ba ce, tana iya jawo zubar jini ko shigar iska cikin jijiya, kuma mayar da ita sabon aiki ne mai haɗari. Don haka likitoci suka koma ga abin da suka fi amincewa da shi, wato allura da zare, suna ɗinke fikafikan katetar a fata.

Ga waɗanda za su yi watanni da kateta, birnin Seattle na Amurka ya ba da amsa mai hikima. Henry Tenckhoff a 1968, a katetar wankin ƙoda ta ciki, sannan Broviac a 1973 da Robert Hickman a 1979 a katetar jijiya, sun bi da bututun ta ƙarƙashin fata, suka sanya masa ɗan zobe na saƙar Dacron. Cikin 'yan makonni naman jiki yana tsirowa cikin saƙar ya kama ta, ya kuma toshe wa ƙwayoyin cuta hanya. Jiki da kansa ya zama mariƙi. A 1982 John Niederhuber ya kai abin ƙarshe da ɗan akwatin da ake binnewa baki ɗaya ƙarƙashin fata, babu abin da ya leƙo waje balle a ja. Amma waɗannan sai da tiyata ake saka su, ba na kwana biyar ko mako biyu ba ne. Mafi yawan marasa lafiya sun ci gaba da zama da ɗinki.

Abin da ya girgiza ɗinki bai fito daga wajen marasa lafiya ba, daga wajen ma'aikata ya fito. Da ƙanjamau ya bayyana a shekarun 1980, kowace allurar da ta soki likita ko nas ta zama abin fargaba, ga kuma ciwon hanta da ya fi saurin kamawa ta wannan hanya. Amurka ta kafa ƙa'idar kare ma'aikata daga cututtukan jini a 1991, kuma a Nuwamban 2000 Shugaba Bill Clinton ya sanya hannu kan dokar da ta tilasta wa asibitoci neman kayan aikin da ke rage sukar allura. Ɗinke kateta, da lanƙwasasshiyar allura a wurin da ke da jini, yana cikin ayyukan da aka sa wa ido. Ga mara lafiya ma kowane ɗinki sabuwar huda ce a gefen babbar jijiya, inda zare ke jiƙewa ya zama matattarar ƙwayoyin cuta.

A nan ne Steve Bierman, likitan sashen gaggawa a Kalifoniya, ya shigo da StatLock a shekarun 1990, ta kamfaninsa Venetec da ke San Diego. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: faffaɗan manne da ke kwanciya a fata, a kansa ɗan maƙalin roba mai ƙofofi da ke rufe fikafikan katetar. Maimakon a manna bututu a fata kai tsaye, sai a kulle shi a jikin wani abu da shi kuma ya kama fata da faɗi, ta yadda ja zai bazu. A 2002 Yamamoto da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka gwada shi da ɗinki a kan mutum 170 masu doguwar katetar damtse. Cikin waɗanda aka ɗinke, mutum 10 suka samu cuta a jini, cikin masu manne kuwa 2. Kamfanin Bard ya sayi Venetec a 2006 kan kimanin dala miliyan 166, abin da ke nuna cewa riƙe kateta ya tashi daga aikin gefe ya zama kasuwa. A 2011 CDC ta ba da shawarar amfani da mariƙin da ba na ɗinki ba, duk da cewa ta sanya shawarar a matakin da hujjarsa ba ta kai ƙarfin na farko ba.

Shi ma yana da inda ya gaza. Ana sauya shi duk kwana 7, kuma a 'yan mintocin da aka ɗaye tsoho ba a manna sabo ba, katetar tana sake, tana iya zamewa. Wannan giɓi ne SecurAcath, na wani kamfanin Minnesota, ya zo ya cike: ƙananan ƙafafu biyu na ƙarfen naitinol da ke shiga ta ramin katetar su buɗe ƙarƙashin fata, su zauna har ranar da za a cire ta. Hukumar NICE ta Ingila ta amince da shi a 2017 ga katetar damtse da za ta yi kwana 15 ko fiye. Sai dai cirewarsa na iya yin zafi, musamman a hannun wanda bai saba ba. Sai kuma gam. Sinadarin da Harry Coover ya ci karo da shi a 1942, wanda daga baya ya zama gam mai kamawa nan take, an tace shi har Amurka ta amince da Dermabond don rufe rauni a 1998. Ɗigo ɗaya ko biyu a bakin huda yana kafe kanula, ya tsayar da tsattsafin jini, ya rufe ƙofa. A wani gwaji da aka buga a 2016 daga sashen gaggawa na wani asibitin jihar Queensland a Ostireliya, lalacewar kanula cikin awa 48 ta sauko daga kashi 27 zuwa 17 da aka ƙara gam.

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da sai a ce kuɗi ne kawai ya raba mu da mafita. Amma a 2018 Farfesa Claire Rickard, wadda ita kanta ma'aikaciyar jinya ce, da tawagarta ta Jami'ar Griffith a Ostireliya suka buga babban gwaji a mujallar Lancet. Mutum 1,807 a asibitoci biyu, an raba su gida huɗu: ledar manne ta yau da kullum, leda mai ƙarfafan gefe, mariƙi na musamman, da gam. Kanular da ta lalace kafin a gama da ita ta kama daga kashi 38 a rukunin gam zuwa 43 a rukunin ledar yau da kullum, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Wato a asibitocin da ba su rasa komai ba, kusan 4 cikin kowace kanula 10 ba ta kai ƙarshen aikinta, ko da me aka riƙe ta. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Da yawa daga binciken farko da suka yabi sababbin kayan ƙanana ne, wasu kuma kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ɗauki nauyinsu. Wannan bai rushe amfanin mariƙi a manyan katetoci ba, inda ya raba mutane da ɗinki. Amma a 'yar kanular hannu, wadda ita ce kusan kowa ke haɗuwa da ita, ya nuna cewa akwai abubuwan da suka fi sunan kamfani tasiri: inda aka saka ta, ko a bayan hannu da gwiwar hannu masu yawan lanƙwasa ko a tsakiyar sangalin hannu, ko an bar fata ta bushe kafin a manna, ko an naɗe igiyar an kafe ta dabam don kada ja ya isa kanular, ko akwai mai dubawa a kowane zagaye.

Akwai kuma wanda aka daɗe ba a tambayi ra'ayinsa ba, wato fatar kanta. Sai a 2013 aka buga matsayar wani taron masana cewa raunin da manne ke yi wa fata matsala ce mai zaman kanta da ya kamata a riƙa ƙirgawa. Manne mai ƙarfin da zai riƙe bututu yana iya tashi da saman fatar bakwaini, ko ta tsoho, ko ta yaron da tamowa ta kumbura. Ya kan bar ƙuraje, ƙuna ko yagewa, sabuwar ƙofa ga cuta. Mannen silikon, wanda kamfanin Mölnlycke na Suwidin ya fara kawowa a 1989, yana ɗayewa ba ciwo, amma bai kai sauran riƙo ba. Har yau ba a samu manne ɗaya da ya haɗa ƙarfi da tausayi yadda ake so ba.

Kusan duk waɗannan kaya an ƙera su an kuma gwada su a ɗakuna masu sanyin na'ura. A ɗakin yara a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, inda zazzaɓi da zafin gari suka haɗu, manne ba ya jimawa. Jagorar CDC ta 2011 da kanta ta ce idan mara lafiya na yawan gumi a yi amfani da tsaftataccen goz maimakon leda, a kuma sauya shi duk kwana 2 a manyan katetoci. Don haka ba na kira da a kwaso mariƙin dala masu yawa a zuba a asibitocin da wani lokaci safar hannu ke yankewa. Amma ina ganin kuskure ne asibiti ya sayi kanula kwali-kwali ya bar abin rufe ta ga duk naɗin filastar da aka tsinta a aljihu. Duk mai lissafin sayen kanula ya sa tsaftataccen abin rufewa cikin lissafin. Inda filasta kaɗai ake da ita, a yar da zagayen waje, a daina liƙa ta a ƙarfen gado, a rubuta ranar da aka saka kanular a jikinta, kada kuma a zagaye hannun yaro da ita har ta haɗe, domin idan hannun ya kumbura za ta shaƙe jini. Makarantun koyon jinya da ungozoma su koyar da manna kanula da kafe robar fitsari da muhimmancin da suke koyar da saka su. Likitocinmu da ma'aikatan jinya kuma su gwada waɗannan hanyoyi a cikin zafinmu su rubuta abin da suka gani, domin wannan bincike ne da ba ya buƙatar injin miliyoyi.

Kai kuma mai jinya, da ke zaune bakin gado lokacin da nas ɗaya ke kula da ɗaki guda, idonka yana da amfani. Idan ka ga filasta ta jiƙe, ta yi datti ko ta fara tashi, ko wurin ya yi ja, ya kumbura, ko mara lafiya ya ce yana jin zafi lokacin allura, ka kira ma'aikaci tun ruwan bai tsaya ba. Kada ka naɗe wurin da ɗankwali ko tsumma har ya ɓuya, kada kuma ka tura kanular da ta fara fita ta koma ciki. Idan robar fitsari ce, ka duba an kafe ta a cinya da ɗan sassauci, ba ta lanƙwashe ba, jakar kuma tana ƙasa da ƙugu ba ta taɓa ƙasa ba. Kafin a juya mara lafiya ko a tashe shi, a fara duba inda igiyoyin suke.